Tambayoyi da Amsoshi kan 'Yan Bohemiya: Masu Zane da Marubutan Ingila da Suka Bijire wa Al'ada a Farkon Ƙarni na 20

Su wane ne 'yan Bohemiya, kuma daga ina sunan ya fito?

Bohemiya sunan wani yanki ne a tsakiyar Turai, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Czech, sai dai mutanen da ake magana a kansu a nan ba su da wata alaƙa ta jini ko ta zama da wannan yanki. Faransawa ne suka daɗe suna kiran al'ummar Romani, wato matafiyan nan marasa matsuguni ɗaya, da sunan 'yan Bohemiya, bisa zaton da suka yi cewa daga can suka ɓullo. A ƙarni na 19 sai aka aro sunan aka liƙa wa matasan masu zane da mawaƙa da marubutan birnin Faris, waɗanda suke kwana a ɗakunan haya masu arha, suna cin bashi, suna kuma yi wa ƙa'idojin zaman jama'a riƙon sakainar kashi. Labaran da marubucin Faransa Henri Murger ya tattara a littafi a 1851 su ne suka yayata wannan hoto, daga nan ya ƙetara ruwa zuwa Landan.

A Ingila, tsakanin 1900 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, kalmar ta koma nufin duk wanda ya ɗauki fasaha a matsayin abin da rayuwarsa ta dogara a kai, ya kuma yarda ya saɓa wa iyaye da maƙwabta a kan sutura, da abinci, da aure, da tarbiyyar yara, da yadda ake kashe kuɗi.

Mene ne ainihin abin da suke gudu?

Gidan da suka tashi a ciki suke gudu. Sarauniya Victoria ta rasu a Janairun 1901, amma tsarin gidan masu hali na zamaninta bai bi ta kabari ba. A irin wannan gida komai yana da lokacinsa da ƙa'idarsa: ana canza tufafi domin cin abincin dare, ana ajiye kati idan an kai ziyara, budurwa ba ta fita ita kaɗai sai da mai rakiya, kuma akwai batutuwa da dama da ba a furta su a gaban mata. Ɗakunan kansu cike suke da labule masu kauri da kayan katako masu duhu. Ɗa namiji ana sa ran ya shiga aikin lauya, ko soja, ko coci, ko aikin mulkin mallaka, 'ya mace kuwa aikinta ta zuba wa baƙi shayi har Allah ya kawo miji.

Gidan marubuci Leslie Stephen da ke unguwar Kensington a Landan misali ne mai kyau. Da ya rasu a 1904, 'ya'yansa huɗu, Vanessa da Thoby da Virginia da Adrian, suka tattara suka koma gida mai lamba 46 a dandalin Gordon da ke unguwar Bloomsbury, unguwar da danginsu suke ganin ba ta dace da 'ya'yan manya ba. Vanessa ta sa aka shafa wa bangon fenti mai haske, aka rage tarkace, kuma daga 1905 abokan Thoby na Jami'ar Cambridge suka fara zuwa hira duk daren Alhamis, maza da mata suna muhawara har tsakar dare ba tare da wani babba yana sa musu ido ba. Wannan a idon mai karatu na yau ƙaramin abu ne, amma a wancan lokaci ya isa ya sa dangi su yi ta salati.

Ƙungiya ɗaya ce, ko kuwa kowa tasa ta fishshe shi?

Ba ƙungiya ba ce, ba su da shugaba ko kundin ƙa'idoji, kuma sau da yawa ba sa ga maciji da juna. Akwai jama'ar Bloomsbury, irin su Virginia Woolf da Vanessa Bell, wato 'ya'yan Stephen mata da sunayensu na aure, da Duncan Grant, da Roger Fry, da Lytton Strachey, da masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, waɗanda galibinsu 'ya'yan manyan gidaje ne masu ilimi mai zurfi. Akwai kuma mutanen unguwannin Chelsea da Soho da yankin da daga baya aka sa wa suna Fitzrovia, waɗanda matattararsu ita ce Café Royal da ke titin Regent, da gidan abinci na Eiffel Tower a titin Percy, da mashayar Fitzroy Tavern. Abin da ya haɗa da yawa daga cikinsu shi ne makarantar koyon zane ta Slade, wadda aka kafa a 1871 a ƙarƙashin University College London, kuma tun farkonta take karɓar ɗalibai mata tare da maza.

Da gaske talakawa ne kamar yadda ake faɗa?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin duk wanda bai raba mai gado da marar gado a cikinsu ba, bai fahimci labarin ba. Talauci iri biyu ne a cikin wannan duniya tasu, akwai wanda mutum ya zaɓa da kansa, akwai kuma wanda ya tarar da shi.

Mutanen Bloomsbury sun rayu cikin sauƙin kaya idan aka kwatanta da iyayensu, amma kusan kowannensu yana da abin da yake shigo masa duk shekara ba tare da ya yi wa kowa aiki ba. Dangin Clive Bell, mijin Vanessa, sun yi arziki da haƙar kwal a Wales. Virginia ta gaji fam 2,500 daga gwaggonta a 1909, kuma ita ce daga baya, a 1929, ta rubuta cewa mace tana buƙatar fam 500 a shekara da ɗaki nata na kanta kafin ta iya rubutu. Ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyar tana nuna iyakar wanda zai iya shiga wannan rayuwa ya fita lafiya.

Sai a dubi Mark Gertler, wanda aka haifa a 1891 a gabashin Landan, ɗan Yahudawa baƙin haure matalauta. Da taimakon wata ƙungiyar agajin ilimi ta Yahudawa ya shiga Slade a 1908, ya kuma shafe rayuwarsa yana dogaro da masu hannu da shuni da suke sayen zanensa ko su ba shi masauki. Tarin fuka ya kama shi, kasuwar zanensa ta ja baya a shekarun 1930, ya kashe kansa a 1939. Nina Hamnett, mai zane ƙwararriya da ake yi wa laƙabi da sarauniyar Bohemiya, giya da talauci suka cinye baiwarta sannu a hankali, har ta kai tana ba baƙi labarin zamanin da a mashaya domin a saya mata abin sha, ta kuma mutu a 1956 bayan ta faɗo daga tagar ɗakinta. Ga irin waɗannan, jinginar da riga domin a biya kuɗin haya, da kwana cikin hunturu ba garwashi, da yini a kan shayi da burodi, rayuwa ce ta kullum.

Roger Fry ya ga wannan matsala, shi ya sa a 1913 ya buɗe masana'antar Omega a dandalin Fitzroy, inda matasan masu zane suke yi wa kujeru da tukwane da yadi ado, ana biyan su sule 30 a mako a kan aikin rabin yini sau uku, sauran lokacin kuma su yi nasu zanen. Nina Hamnett tana cikin waɗanda suka ci wannan moriya. Masana'antar ba ta yi riba ba, aka rufe ta a 1919.

Me ya sa sunan Augustus John yake fitowa a duk inda aka yi wannan magana?

Domin shi ne jama'ar Ingila suka ɗauka a matsayin hoton ɗan Bohemiya. An haife shi a garin Tenby na Wales a 1878, ya yi fice a Slade da ƙwarewar hannunsa, sannan ya bar gemu, ya sa 'yan kunne, ya ɗora hula mai faɗin baki. Ya koyi harshen Romani a Liverpool tare da masanin harshen John Sampson, ya sayi amalanke mai rufi irin nasu wanda doki yake ja, yana yawo da iyalinsa a ƙauyuka. Sha'awarsa ga Romani ta gaske ce, har ya shugabanci ƙungiyar nazarin al'adunsu daga 1937 zuwa rasuwarsa a 1961, sai dai ya kamata a tuna cewa shi yana iya sauka daga amalanken ya koma Landan ya zana fuskar wani attajiri a biya shi kuɗi masu tsoka, alhali su Romani na ainihi 'yan sanda ne suke korar su daga gari zuwa gari.

Yayarsa Gwen John ta ɗauki wata hanya dabam. Ta koma Faris a 1904, ta zauna ita kaɗai a ƙananan ɗakuna, tana samun abin sawa a baki ta hanyar tsayawa masu zane da masassaƙa su kwaikwayi siffarta, ciki har da Auguste Rodin. A zamaninta ba a san ta sosai ba, amma a yau masana da yawa suna fifita zane-zanenta masu natsuwa a kan na ƙanenta.

Shin mata sun sami 'yanci a cikin wannan rayuwa?

Sun sami wani abu da iyayensu mata ba su taɓa samu ba, kuma bai dace a raina shi ba. Mace ta iya kama ɗakin haya da sunanta, ta koyi sana'a, ta shiga gidan abinci ba tare da rakiya ba, ta yar da rigar matse ƙugun nan da take hana numfashi. Dora Carrington da ƙawayenta a Slade sun datse gashinsu wajen 1911, lokacin da doguwar suma take alamar mace ta gari, kuma ita Carrington ma ta daina amfani da sunanta na farko. Duk wannan ya faru tun kafin mata su sami damar jefa ƙuri'a, wadda aka ba 'yan sama da shekara 30 a 1918, aka daidaita da ta maza a 1928.

Amma labarin Ida Nettleship shi ne yake tsaya mini a rai. Ɗalibar Slade ce mai hazaƙa, ta auri Augustus John a 1901. Bayan shekara biyu ya haɗu da Dorothy McNeill, wadda aka fi sani da Dorelia, kuma ba da jimawa ba aka koma zaman mutum uku a gida ɗaya, a ƙasar da dokarta ba ta san mace ta biyu ba, balle ta ba ta haƙƙi ko ta ɗora wa miji adalci. Ida ta haifi 'ya'ya maza biyar tsakanin 1902 da 1907, ta ajiye zane gaba ɗaya saboda goyo da wanki, ta rasu a Faris a watan Maris na 1907, kwanaki kaɗan bayan haihuwar na biyar, tana da shekara 30. Mijin ya ci gaba da zane da shahara fiye da rabin ƙarni bayanta. A gidaje da yawa haka lamarin ya kasance: an rushe ƙa'idar da take ɗaure namiji, an bar ciki da haihuwa da girki a inda suke. Asibitin tsarin iyali na farko a Birtaniya ma sai a 1921 Marie Stopes ta buɗe shi a Landan.

Yaya doka take kallon irin zaman da suke yi?

Zaman dadiro ba laifi ba ne a dokar Ingila, amma ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba yana rasa haƙƙoƙin gado da mutunci, kuma sai a 1926 aka yi dokar da ta ba da damar halatta shi idan iyayen sun yi aure daga baya. Saki yana da tsada da tonon silili, kuma kafin 1923 mace ba ta iya neman saki saboda cin amanar aure kaɗai, sai ta haɗa da wani laifin, alhali miji yana iya yin haka. Wannan ne ya sa ma'aurata da yawa suka rabu a aikace amma suka ci gaba da amsa sunan miji da mata, kamar Vanessa da Clive Bell.

Neman jinsi tsakanin maza kuwa laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani da aka yi wa marubuci Oscar Wilde a kan wannan laifi a 1895 yana nan a zukatan mutane. Maza da dama a Bloomsbury, ciki har da Strachey da Grant, sun ɓoye wannan ɓangare na rayuwarsu daga idon hukuma, kuma dokar ba ta sassauta ba sai a 1967. Hukuma tana sa ido a kan ayyukansu ma: an haramta wani littafin D. H. Lawrence a 1915, kuma a 1929 'yan sanda suka kwashe zane-zanensa 13 daga wani zauren baje koli a Landan bisa zargin batsa.

Yaran da suka tashi a waɗannan gidaje fa?

Wasu sun tuna ƙuruciyarsu da daɗi, suna yawo ba takalmi a daji, ba bulala, ana yi musu magana kamar manya. Iyaye masu wannan ra'ayi sun riƙa tura 'ya'yansu makarantu irin su Bedales, wadda take haɗa maza da mata tun 1898, da Summerhill da A. S. Neill ya kafa a 1921, inda ba a tilasta wa yaro shiga aji. Wasu yaran kuma sun gaji da rashin tsari har suka nemi akasinsa. Caspar John, ɗan Augustus da Ida, ya shiga rundunar sojan ruwa, ya yi ta hawa har ya zama shugabanta a 1960. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Akwai kuma raunin da ba ya warkewa da wuri. Angelica, wadda Vanessa ta haifa ranar Kirsimeti ta 1918, ta girma tana ɗaukar Clive Bell a matsayin mahaifinta, sai a 1937 aka gaya mata cewa Duncan Grant ne, mutumin da yake zaune da su gida ɗaya tun tana jaririya. Mutanen da suka yi suna wajen faɗin gaskiya komai ɗacinta sun ɓoye wa yarinya asalinta shekara 18, kuma a littafin rayuwarta na 1984 ta bayyana irin ɓarnar da hakan ya yi mata. Mafi muni shi ne lamarin masassaƙi Eric Gill, wanda ya kafa zaman masu sana'ar hannu a Ditchling, inda tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989 ya nuna, daga littafin sirrinsa na kansa, cewa ya ci zarafin 'ya'yansa mata. Babu wata baiwa da za ta wanke wannan.

Wa yake share gida da wanke kwanuka?

A gidajen marasa hali matar gida ce, ko kuma a bar kwanukan su taru. A gidajen masu gado kuwa 'yan aiki ne, waɗanda a farkon ƙarnin yawansu ya haura miliyan ɗaya a Ingila da Wales, mafi yawansu mata. Nellie Boxall ta yi wa Virginia da mijinta Leonard Woolf girki daga 1916 zuwa 1934, Grace Higgens kuma ta shiga aiki wurin Vanessa Bell a 1920 tana yarinya, ta yi shekara 50 tana yi wa gidan hidima. Awowin da aka samu aka yi zane da rubutu, daga hannun waɗannan mata aka ciro su.

Mene ne na musamman a suturarsu da abincinsu?

Mata sun koma sa dogayen riguna sakakku masu launi mai haske, irin waɗanda Dorelia take ɗinka wa kanta, da ɗankwali da takalmi marar tsini. Maza sun bar gemu, suka yi watsi da wuyan riga mai sitaci. A fannin abinci sun ɗauko ɗabi'ar Faransa da Italiya, wato tafarnuwa da man zaitun da kofi mai ƙarfi, a lokacin da Baturen Ingila mai ji da kansa yake ganin warin tafarnuwa abin kunya ne.

Wane matsayi suka ɗauka a Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Sun rabu gida biyu. Masassaƙi Henri Gaudier-Brzeska, Bafaranshe mazaunin Landan, ya koma ya shiga sojan ƙasarsa aka kashe shi a 1915 yana da shekara 23, mawaƙi kuma mai zane Isaac Rosenberg ya mutu a fagen daga a 1918. Da aka kafa dokar tilasta shiga soja a 1916, wasu suka ƙi ɗaukar makami bisa dalilin lamiri, aka amince su yi aikin gona a maimakon haka. Lady Ottoline Morrell ta ba da yawa daga cikinsu mafaka a gidan gonarta na Garsington kusa da Oxford. A wannan shekara ce Vanessa Bell da Duncan Grant da abokinsu marubuci David Garnett suka koma Charleston, wani gidan gona a yankin Sussex marar lantarki, domin mazan biyu su yi ƙwadago a gonar da ke kusa. Ƙin yaƙi a lokacin da maƙwabta suke karɓar labarin mutuwar 'ya'yansu ya jawo musu tsana ƙwarai, kuma ina ganin a nan ne suka nuna ƙarfin hali mafi girma. Lawrence da matarsa Bajamushiya ma hukuma ta kore su daga Cornwall a 1917 bisa zargin leƙen asiri.

Shin bijirewarsu ta kai ga yadda suke kallon baƙar fata da ƙasashen da aka mallaka?

Ta kai wani wuri, ta tsaya. A Fabrairun 1910 wasu matasa, ciki har da Virginia da ƙanenta Adrian da Duncan Grant, suka yaudari rundunar sojan ruwa ta hanyar yin shigar 'ya'yan sarautar Habasha, inda mafi yawansu suka shafa baƙin fenti a fuska, aka karɓe su da girmamawa a kan jirgin yaƙi na Dreadnought. Manufarsu ita ce kunyata hukuma, amma sun yi hakan ne ta hanyar mayar da 'yan Afirka abin dariya, kuma babu alamar hakan ya dame su a lokacin. A gefe guda, Leonard Woolf ya yi aikin mulkin mallaka a Ceylon, wato Sri Lanka ta yau, daga 1904 zuwa 1911, ya ajiye aikin, sannan a 1920 ya wallafa littafi yana sukar yadda Turawa suke wawashe arzikin Afirka. Roger Fry ma ya yaba wa sassaƙar Afirka a wannan shekara, yana ɗora ta a sahun gaba na fasahar duniya, ko da yake maganarsa game da al'ummomin da suka yi ta ba ta kuɓuta daga rainin zamaninsa ba.

Ban da surutu da shagali, sun bar wani aiki na ƙwarai?

Sun bari, kuma waɗanda suka daɗe ana tunawa da su su ne masu tashi da safe su kama aiki. Baje kolin da Fry ya shirya a Landan a Nuwamban 1910 shi ne ya gabatar wa jama'ar Ingila zane-zanen Cézanne da Van Gogh da Gauguin da yawa a wuri ɗaya, jaridu suka yi ta zagi, amma matasan masu zane suka canza hannu daga nan. A 1917 Leonard da Virginia Woolf suka sayi ƙaramin injin ɗab'i na hannu suka ɗora shi a kan teburin cin abinci, wanda ya zama maɗaba'ar Hogarth, mai buga T. S. Eliot da Katherine Mansfield da fassarar ayyukan masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud. Keynes ya rubuta mafi yawan littafinsa na sukar yarjejeniyar Versailles, wato ta sulhu da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Charleston a 1919. Zanen da Gertler ya yi a 1916, na sojoji da mata suna juyawa a kan lilon dawakin katako bakinsu a buɗe, yana cikin ayyukan ƙin yaƙi mafi ƙarfi na wancan zamani, kuma yana hannun gidan tarihin fasaha na Tate.

Yaushe wannan zamani ya ƙare, kuma akwai abin da ya rage da za a iya gani?

Ya ƙare ne sannu a hankali. Strachey ya rasu a Janairun 1932, Carrington da ta zauna da shi tun 1917 ta kashe kanta bayan makonni kaɗan, Fry ya rasu a 1934, aka kashe Julian ɗan Vanessa a yaƙin basasar Sifaniya a 1937 yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, Virginia Woolf kuma ta mutu a 1941, bayan bama-baman Jamus sun lalata gidanta na Landan. Bayan yaƙin, haraji ya ƙaru a kan dukiyar gado, 'yan aikin gida suka yi ƙaranci, kuma abubuwa da yawa da aka zage su a kai, kamar gajeren gashi da zaman budurwa ita kaɗai da cin tafarnuwa, suka zama ruwan dare.

Gidan Charleston yana nan kusa da ƙauyen Firle. Vanessa Bell ta rasu a cikinsa a 1961, Duncan Grant ya ci gaba da zama a wurin kusan har rasuwarsa a 1978, sannan aka gyara shi aka buɗe wa jama'a a 1986. Mai ziyara zai tarar da ƙofofi da tebura da bangon murhu duk da zanen da suka yi musu da hannunsu, haka kuma zai ga ɗakin girkin da Grace Higgens ta yi aiki a cikinsa, inda aka manna wani ɗan allo na tangaran mai ɗauke da sunanta.